Farar Riga Da Haƙƙin Maras Lafiya

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani, ya suturta ɗan Adam bayan ya zo duniya tsirara. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan uwa Musulmi, akwai koke guda biyu da suke yawo a bakin mutanen Damargu, tun daga Tanut har Belbeji, kuma sau da yawa bakin da ya yi na farko shi ne yake yin na biyu. Na farko shi ne na maigidan da matarsa take naƙuda, ko ciwo ya kama ta a wurin da ba a son buɗewa, ya ce shi ba zai kai ta gidan likita ba, domin namiji ne zai duba ta. Na biyu shi ne na uban da ƴarsa ta ci jarrabawa, aka ce tana iya shiga makarantar koyon aikin lafiya ta Damagaram, ya ce faufau, ƴarsa ba za ta sa tufafin Nasara ta riƙa kai da kawowa cikin maza ba. To, in an hana ƴar wannan koyo, daga ina macen da za ta duba matar wancan za ta fito? Daga sama za ta faɗo, ko daga rijiya za a jawo ta? Abin da ya gitta tsakanin koken nan biyu bai wuce ƴan kamu na farin yadi ba, amma a kan waɗannan ƴan kamu ana rasa rayuka a ƙauyukanmu. Saboda haka ya kamata mu zauna mu dubi mas'alar tufafin ma'aikatan jinya da idon shari'a da na hankali, mu bar yanke hukunci daga bakin ƙofa.

Tambayar da za a fara yi ita ce, farar rigar nan ta wa ce? Mai sa ta zai ce tasa ce, tun da shi ya kai wa tela. Gwamnati za ta ce tata ce, tun da ita ta ɗauke shi aiki. A ganina kowannensu yana da ɗan rabo a ciki, amma babban rabon na wani ne na uku, wato maras lafiyan da yake kwance bisa gado. Ku duba da kyau. Makiyayin da aka ɗauko a kan amalanke daga wani mashekari can arewacin Tarka bai yi karatun boko ba, bai san takardar shaida ba, kuma ba shi da wata hanya da zai gane ko wanda ya nufo shi da allura ya yi shekara uku yana koyo, ko kuwa jiya ya fara. Abin da ya gani kawai farar riga ce. Saboda ita ya miƙa hannunsa, saboda ita ya tuɓe rigarsa, ya haɗiye ƙwayar da bai san sunanta ba, ya faɗi sirrin da bai taɓa faɗa wa ɗan uwansa na jini ba. Ashe rigar ta riga mai ita yin magana. Ta ce masa wannan ya koyi aikin, hannunsa mai tsabta ne, kuma abin da ya gani ba zai fita da shi waje ba. Alkawari uku ke nan. Duk wani hukunci game da tsawon rigar, da hannunta, da wankinta, da wurin da ya dace a sa ta, daga waɗannan alkawuran yake fitowa.

Allah Ta'ala ya lissafa tufafi cikin ni'imominsa. A suratul A'arafi ya ambaci rufe tsiraici da ado, sa'an nan ya fifita taƙawa a kan duka biyun. A suratun Nahli kuma ya ƙara wani amfanin, ya ambaci riguna masu kare mutum daga zafi da masu kare shi a fagen fama. Wato akwai tufar da aka yi domin aiki, kamar sulke, kuma ba a auna sulke da ma'aunin kayan salla. Ba wanda zai ce wa mayaƙi ya sa riga mai aska takwas domin ta fi kwarjini. Farar rigar jinya daga jinsin sulke take, sai dai ita mutum biyu take karewa lokaci guda, mai ita da wanda yake yi wa aiki. Mu kuwa mutanen wannan ƙasa ba baƙi ne ga tufa mai magana ba. Da ka hango jajayen kayan dogari ka san saƙon fada ya iso, kuma da wani zai ɗinka irinsu ya shiga kasuwa yana karɓar kuɗin mutane, kowa ya san abin da zai same shi.

Wannan shi ya kawo mu ga alkawarin farko, wato ilimi. Ya inganta daga Manzon Allah (S.A.W.) cewa ya kamanta mai tinƙaho da abin da ba a ba shi ba da wanda ya sa tufafin ƙarya. Ba na jin akwai wanda wannan kamance ya fi zama daidai da shi kamar mai tallar magani da yake rataya farar riga ran kasuwa, ya baza ƙwayoyi cikin rana, ya kuma kai mutane bayan rumfa yana yi musu allura. Bari in ba ku misali ɗaya na abin da jahilcinsa yake haifarwa. Akwai wata babbar jijiya da take saukowa daga ƙugu, ta ratsa ɗuwawu, ta bi bayan cinya har ƙafa. Wanda ya koyi aikin ya san zai raba ɗuwawun gida huɗu a zuciyarsa, ya soka allurar a gidan sama na waje, nesa da ita. Wanda bai koya ba sai ya soka tsakiya, inda ya ga nama ya fi yawa. In allurar ta taɓa jijiyar, musamman ta kinin da aka daɗe ana yi wa masu zazzaɓin cizon sauro, sai ƙafar yaro ta saki, ya tashi yana jan ta, mutane su ce shan inna ce ko iska. Alhali kuwa ba aljanin da ya taɓa shi, farar riga ce ta yi wa uwarsa ƙarya. Fuƙaha'unmu ba su yi sassauci a nan ba: wanda ya yi wa mutum magani alhali bai san magani ba, lamunin abin da ya ɓata yana kansa, kuma hukuma tana da ikon ladabtar da shi.

Akwai ƙaramar sura ta wannan ƙarya a cikin gidajen likita kansu, kuma sau da yawa ba da mugun nufi ake yin ta ba. Ga majo, ga ungozoma, ga ɗalibai masu koyo, ga masu aikin sa kai, ga mai shara, kowa da farar riga, mutanenmu kuwa duk likita suke ce musu. Sunan yana da daɗin ji, ba kowa yake iya mai da shi ba. Amma ɗalibin da aka kira shi likita ya amsa, aka tambaye shi abin da bai sani ba ya ji kunyar cewa bari in kira majo, to ya shiga cikin waccan mas'ala. Abin da ya fi shi ne kowa ya rubuta sunansa da aikinsa a ƙirjin rigarsa, wanda bai iya karatu ba kuma a gaya masa da baki. Imamu Maliku, Allah ya yi masa rahama, ya shahara da cewa bai sani ba in an tambaye shi abin da bai tabbatar ba, kuma hakan bai rage masa daraja a Madina ba.

Alkawari na biyu shi ne tsabta, kuma a nan asalin farin yake. Sunna ta riga ta fifita farar tufa ga mai rai da mamaci, kuma hikimar a fili take, domin fari ba ya rufa wa dauɗa asiri. Su kansu Turawa ba da farar riga suka fara ba. Har tsakiyar ƙarni na 19 masu fiɗa a Turai da baƙaƙen kwat suke aiki, jini ya bushe a jikinsu, wasu ma suna ɗaukar yawan tabon a matsayin shaidar ƙwarewa. A 1847, a babban asibitin birnin Viyana, wani likita ɗan ƙasar Hangari mai suna Semmelweis ya lura cewa masu jego suna mutuwa da zazzaɓi a ɗakin da likitoci da ɗalibansu suke karɓar haihuwa fiye da ɗakin ungozomomi. Da ya bi diddigi sai ya ga ɗaliban daga ɗakin fiɗar gawa suke fitowa su wuce ɗakin haihuwa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kulorin, ɗan uwan wanda muke ce wa ruwan jabel. Mutuwar da ta kai 18 cikin 100 a watan Afrilu ta faɗo ƙasa da 3 cikin 100 a watan Yuni na wannan shekarar. Ba sabon magani aka kawo ba, hannu aka wanke. Har yau hukumar lafiya ta duniya tana koyar da cewa hannun ma'aikaci shi ne babbar hanyar da ƙwayoyin cuta suke bi daga gado zuwa gado.

To a nan ne wahalar ta gaskiya take, kuma bai kamata malami ya yi kamar babu ita ba. Hannu ba ya wankuwa yadda ake so in hannun riga ya sauko har wuyan hannu. Bakin hannun rigar zai jiƙe, zai taɓa miki, ya ɗauki abin da ido ba ya gani, ya kai shi gado na gaba. A mazhabarmu kuwa, fuska da tafin hannu kaɗai ne mace take bayyanawa gaban ajnabi, damtse da sangalin hannu al'aura ne. Yaya za a yi ke nan?

Da farko mu rage girman mas'alar, domin ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Ma'aikaciyar da take ɗakin haihuwa ko ɗakin awon ciki tsakanin mata take, kuma sangalin hannun mace ba al'aura ba ne gaban ƴar uwarta mace. Haka wadda take duba jarirai da ƙananan yara. A nan babu wata magana, ta naɗe hannun rigarta har gwiwar hannu ta yi aikinta. Abin da ya rage shi ne lokacin da za ta wanke wa namiji baligi miki, ko ta sa masa ruwa, babu namijin da zai karɓe ta. A nan ƙa'idar da malamai suka haɗu a kanta ita ce lalura tana halatta abin da aka hana, amma ana auna ta da gwargwadonta. Shari'ar da ta yarje wa likita ya dubi wurin ciwo a jikin wanda ba muharraminsa ba domin ceton rai, ba za ta hana ma'aikaciya naɗe hannun riga domin kada ta kashe ran da ta zo ceta ba. Ta naɗe sa'ad da za ta taɓa, ta wanke, ta gama, ta saki. An ma ruwaito daga Abu Yusufa, almajirin Imamu Abu Hanifa, cewa ya sassauta game da sangalin hannun mace mai aiki, domin girki da wanki ba sa yiwuwa sai da buɗe shi. Ban kawo wannan domin mu bar mazhabarmu ba, na kawo shi ne domin a san magabata sun san aiki, sun kuma yi masa lissafi. Wannan gardama ba mu kaɗai muka yi ta ba. A Ingila, a 2007, aka sa dokar cewa duk mai taɓa maras lafiya ya bar hannunsa a buɗe daga gwiwar hannu zuwa ƙasa. Ma'aikata Musulmi suka yi magana, aka zauna da malamai, a 2010 aka yarda mai so ya sa wani hannun riga na leda da ake yarwa bayan an gama da kowane maras lafiya. Inda babu irin wannan, kamar ƙauyukanmu, tela ya isa: a ɗinka hannun da maɓalli ko roba, mai saukin naɗewa da saki.

Sai maganar hijabi. Dogon hijabin nan mai kaiwa gwiwa ko ƙasa, wanda ya yawaita a garuruwanmu tun shekarun 1990, tufa ce ta mutunci a kan hanya da kasuwa da makaranta, kuma Allah ya saka wa masu sa shi. Amma ku yi tunanin ma'aikaciya ta sunkuya bisa mai naƙuda, hijabin ya zubo gaba ya taɓa jini, ta miƙe ta nufi jaririn da aka haifa jiya, cibiyarsa ba ta warke ba, ta ɗauke shi ta rungume a cikin wannan hijabin. Niyyarta kyakkyawa ce, amma ƙwayar cuta ba ta duban niyya. Da yamma kuma da shi za ta koma gida ta ɗauki nata ɗan. Abin da shari'a ta wajabta shi ne rufe gashi da kunne da wuya da ƙirji da abin da ba ya nuna fata, ba ya kuma siffanta jiki. Ba ta wajabta wani ɗinki na musamman ba. Saboda haka ƙaramin hijabi na aiki, mai rufe waɗannan wurare, wanda ake cusa bakinsa cikin wuyan riga kada ya yi lilo, ya sauke farilla. Ita kuma rigar ta zama mai yalwa, ta sauka ƙasa da gwiwa, da wando mai faɗi a ƙarƙashinta. Ina ƙara jan hankali kan yadin, domin farin yadi in ya yi shara-shara ya fi kowane launi tona asiri, kuma zafin bazarar Damargu yana sa mutum ya nemi marar nauyi. A nemi na auduga mai kauri, shi ya fi shan gumi, shi ya fi jure wanki da ruwan zafi. Dogon hijabin a rataye shi a ƙusa, in an tashi aiki a wanke hannu a ɗauka.

Haka kuma in aka sami wani shugaban aiki ya ce sai ma'aikaciya ta buɗe kanta ko ta sa gajeren siket kafin ta zama cikakkiyar ma'aikaciya, to a tambaye shi hujjarsa ta likitanci, ba zai samu ba. A ɗakin fiɗa ma dole ne kowa ya rufe gashinsa, namiji da mace. Tufafin ma'aikatan jinya na farko a Turai daga kayan mata masu zaman ibada na coci aka samo su, kuma ɗaliban makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a Landan a 1860 dogayen riguna suke sawa har idon sawu, da abin rufe kai. Gajartar daga baya ta zo, yayi ne kawai, kuma a yau a mafi yawan asibitocin duniya riga da wando ake sawa.

Akwai tambayar da ƴaƴanmu ma'aikata suke yawan kawowa, ita ce ta salla. Mutum ya wuni cikin jini da mugunya da fitsarin yara, azahar ta yi, shin zai yi salla da rigar aikinsa? Malaman mazhabarmu sun amsa wannan tun ba a gina gidan likita ko ɗaya a ƙasar nan ba. A cikin Mukhtasar, Shaihu Halilu ya ambaci tufar mai shayarwa cikin abubuwan da aka yi rangwame a kansu, matuƙar tana iyakar ƙoƙarinta wajen kauce wa najasar jaririn, ya kuma ce an so ta tanadi wata tufa domin salla. Masu sharhi suka riskar da mahauci, da mai yashe masai, da likita mai wanke miyaku. Haka nan jini ko mugunya da bai kai faɗin dirhami ba an yafe shi. Ku dubi hikimar da ke ciki. Ba a ce wa mai wannan aiki ya bar aikinsa domin najasa ba, ba a kuma ce masa ya saki jiki ba. An ce ya yi ƙoƙari, ya kuma raba tufar aiki da tufar salla. Abin da likitancin zamani yake cewa ke nan da wasu kalmomi: rigar aiki a wurin aiki take zama. Saboda haka ma'aikacin da muke gani ya shigo sahun Juma'a da farar rigarsa, ko ya hau babur ya shiga kasuwa da ita yana taɓa nama da tumatir, ya saɓa wa abin da malamai suka so, ya kuma saɓa wa abin da aka koya masa a makaranta. In gudun ɓata lokaci ne, tuɓe riga bai kai minti ɗaya ba. In kuwa so yake a san shi ma'aikaci ne, to wannan ciwo ne na zuciya, maganinsa ba ya cikin kantin magani.

Maganar ado gajeriya ce, domin a nan shari'a da likitanci bakinsu ɗaya. Jan farce yana hana ruwan alwala isa ga farce, kuma in ya fara ɓarewa ƙwayoyin cuta suna maƙalewa a ciki. Dogon farce sunna ta ce a yanke, ga shi yana huda safar hannu. Zobba da awarwaro da agogo suna ɓoye dauɗa a ƙarƙashinsu. Turare mai ƙarfi an hana mace fita da shi, ga shi kuma yana tayar wa mai ciki zuciya, yana toshe wa mai asma numfashi. Lalle kuwa ba ya hana ruwa, ba laifi. Takalmi ya zama rufaffe saboda allurar da ke faɗuwa ƙasa, kuma marar ƙara saboda wanda bai yi barci ba tun jiya.

Kada maza su zaci maganar ta mata ce kaɗai. Namijin da ya sa matsattsen wando yana sunkuya gaban matan mutane, ko ya bar ƙirji a buɗe, ya zubar da kwarjinin rigarsa. Kuma bai halatta ya kaɗaita da mace a ɗakin dubawa ba, a sami ta uku, ko ƴar rakiya ko ma'aikaciya, wannan kariya ce gare shi kafin ta zama kariya gare ta. Ga ƴan uwanmu Buzaye kuma, da duk wanda rawani da amawali suke cikin mutuncinsa, ba mai cewa su zubar da al'adarsu. Sai dai amawali ba ya zama a madadin takunkumin likita. Lokacin da cutar korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020 mutane da yawa sun ja amawali sun rufe hanci, kuma a kan hanya hakan ya fi babu. Amma a gaban mai tarin fuka, ko mai sanƙarau, ko mai mashaƙo irin wanda ya ɓulla a Matamaye a 2023, ƙyallen da aka wuni ana numfashi a cikinsa, za a kuma koma gida da shi, ba kariya ba ne ga kowa.

Alkawari na uku shi ne wanda muka fi mantawa. Muna ta magana kan suturar ma'aikaciya, ba mu cika tambayar suturar wanda yake kwance ba, alhali shi ne aka tuɓe. Dattijon da bai taɓa buɗe bakinsa gaban surukinsa ba, ga shi an kware masa riga ƙofa a buɗe, masu jiran layi suna leƙe. Matar da ta yi tafiyar yini guda ta zo awo, ana tambayarta abin da ke damunta da murya mai ƙarfi, cikin harshen da ba ta ji sosai, har na waje suna ji. Ma'aikaciyar da ta rufe jikinta tun daga kai har ƙafa, amma ba ta ja labule ba kafin ta buɗe jikin wata, rabin mas'alar sutura kawai ta fahimta. A buɗe wurin ciwo kaɗai, a rufe saura, a nemi izini kafin a taɓa, a yi sallama, in da hali a koyi gaisuwa da Tamajak da Fulatanci da Barbarci, domin Damargu ba harshe ɗaya gare ta ba. Sa'an nan akwai wayar salula da take cikin aljihun rigar. Wanda ya ɗauki hoton mikin mutum ko na wanda ya yi haɗari a hanyar Agadas ya watsa a WhatsApp, ko ya zauna majalisa da dare yana cewa wance kaza ke damunta, ya ci amanar da aka ba shi saboda rigarsa. Hukuncinsa kusa yake da na mai wankan gawa da ya fito yana ba da labarin abin da ya gani.

Game da masu hana ƴaƴansu mata wannan karatu kuwa, su sani aikin jinya farilla ce ta kifaya, in babu mai yi kowa ya yi laifi. A shekara ta 5 bayan hijira, ranar yaƙin Handaƙ, kibiya ta sami Sa'adu ɗan Mu'azu, Allah ya ƙara masa yarda, a jijiyar hannu. Manzon Allah (S.A.W.) ya sa aka kai shi hemar Rufaida Al'aslamiyya da ke cikin masallacinsa, domin ita ce mai jinyar masu rauni. Sa'adu namiji ne, shugaban Ausu, Rufaida mace ce, wurin kuwa masallaci ne. Ummu Aɗiyya ta ba da labarin cewa ta fita yaƙi bakwai tana yi wa masu rauni magani. Tun daga 2001 aka giggina ƙananan ɗakunan lafiya a ƙauyuka zamanin shugaba Tanja Mamadu, Belbeji kuma ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011, amma gini ba ya karɓar haihuwa. Tsakanin Tanut da babban asibitin Damagaram kimanin kilomita 150 ne, mai zubar da jini kuwa ba kullum take kai wa can ba. Ma'aikaciyar da aka turo daga nesa tana ƙirga kwanakin komawa gida. Wadda za ta zauna ita ce ƴar garin, wadda ta san harshen, ta san gidajen. Uban da yake tsoron tufafi ya tafi da ƙafarsa ya ga makarantar, ya tambayi abin da ake sawa, kada ya dogara da ji-ta-ji-ta.

Saura namu, mu masu zama masallaci muna ganin laifin rigar da ta yi jaja-jaja da ƙura. Kowa ya san hunturun Damargu, ya kuma san zurfin rijiyoyinmu da tsadar ruwa in rani ya yi nisa. Ma'aikacin ƙauye da yake da riga ɗaya tak, ba famfo a wurin aikinsa, wani ma aikin sa kai yake yi ba albashi, in ya wanke ta yau me zai sa kafin ta bushe? Ba adalci ba ne mu nemi fari daga wanda ba mu ba shi ruwa ba. Kowane gidan likita yana da kwamitin gari mai kula da shi, kuma a cikin waɗannan kwamitoci akwai masu salla a bayanmu. Su tambayi majo riga nawa kowane ma'aikaci yake da ita, da inda ake wanke ta, da ko akwai labule a ɗakin awo. Masallacin da yake iya tara kuɗin lasifika yana iya sayen bandir ɗin farin yadi, da katan ɗin sabulu, da dutsen guga, ya kuma ɗauki nauyin mai amalanke ya riƙa zuba wa gidan likita tano biyu na ruwa kowace safiya.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.